Wata bakwai ina kiwon dayatom a kwalba: ra'ayina kan akwatin reno mai haɗin f/2

Akwatin ya iso hannuna a tsakiyar watan Disamba, lokacin da hazo ya rufe gari har da ƙyar ake hango darbejiyar da ke bakin ƙofar sashenmu. Kwana tara ya yi a hanya. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a sashen nazarin halittu, aikina in shirya wa ɗalibai abin da za su gani da idonsu bayan malami ya gama bayani a allo. Na daɗe ina jin takaicin yadda muke koyar da halittun teku da zane kawai, alhali daga inda muke zuwa bakin teku tafiyar yini guda ce cur a mota. Da aka samu ɗan kuɗin kayan aiki sai na roƙi a sayo wannan akwati daga wani kamfani na ƙasar waje da ke sayar wa makarantu da masu ƙyanƙyasar jatanlande. Yau wata bakwai ke nan ina amfani da shi, ya ga hunturu, ya ga bazara, ga shi mun shiga damina, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Abin da ke ciki: 'yan bututun roba biyu masu murfi, kowanne da iri guda na dayatom mai rai a cikin ruwan gishiri, kwalabe uku na abincinsu, leda ɗaya ta gishirin teku na haɗi wadda ta isa lita 20, sai takardar bayani mai shafi huɗu. Kuɗin jigila ya fi kuɗin kayan, wannan kuwa mai niyyar saye ya sa shi a lissafi tun farko.

Ga wanda bai taɓa jin sunan ba, dayatom halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, dangin gansakuka, tana haɗa abincinta da hasken rana kamar tsiro. Abin da ya bambanta ta shi ne gidanta. Tana zuƙo silika daga ruwa, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, ta gina wa kanta ƙoƙo mai ɓari biyu, ɗaya ya hau kan ɗaya kamar batta da murfinta. Yawanci ido ba ya ganin guda ɗaya, amma masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk haɗa abinci da haske da ake yi a duniya su ke yin sa. Kuma ba baƙi ba ne a wurinmu yadda muke zato. Ƙurar hunturun nan da ke cika mana hanci, da yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon babban tafkin Chadi ya ƙafe ya bar farar ƙasa da ta taru daga ƙoƙunan dayatom na ruwan daɗi. Ranar da na buɗe akwatin, ƙurar kakanninsu ce kwance a kan tagogin ɗakin.

Na ɗaga bututun biyu a haske gabana na faɗuwa. Ruwan ya yi fari tas, sai wani ɗan laka mai ruwan ƙasa a gindi. Na ɗauka sun mutu. Takardar ta ce a sassauta murfi, a ajiye su a haske mai laushi na kwana biyu kafin a taɓa su, kuma a wannan ta yi gaskiya. Dayatom na da juriyar duhu ƙwarai. Idan haske ya yanke sai su rage aiki, su nutse, su rayu da abin da suka tara na sukari da mai. A teku ma haka suke yi idan igiyar ruwa ta kai su ƙasa inda rana ba ta isa. Akwai masu bincike da suka tono lakar gindin wani mashigin teku a Denmak mai suna Mariager, suka farfaɗo da irin dayatom mai suna Skeletonema marinoi da ya kwanta a cikinta fiye da shekara 100. Kwana tara a kwali ba komai ba ne a wurinsu, muddin zafi bai dafa su ba. Da na ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi na leƙa ta madubin ƙara girma, sai ga su nan lafiya lau, launinsu na zuma mai duhu bai dusashe ba.

Iri biyun su ne Phaeodactylum tricornutum da Chaetoceros muelleri. Na farkon siriri ne mai tsini a kai biyu kamar ƙwayar shinkafa da aka ja, tsawonsa bai wuce kashi ɗaya cikin arba'in na milimita ba. Na biyun ɗan dunƙule ne mai kusurwa huɗu, da gashi dogo siriri yana fita daga kowace kusurwa. Sai an rage hasken madubin sosai ake ganin gashin, kuma ɗalibai sukan yi shiru na ɗan lokaci idan suka gano shi.

Abincin shi ne ƙashin bayan akwatin, kuma a nan ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Haɗin da ake kira f/2 ne, wanda ya samo asali daga aikin Robert Guillard da John Ryther a Woods Hole ta Amurka, da suka wallafa a 1962. Sunan yana nufin rabin ƙarfin haɗin farko. A kowace lita ta ruwan teku ana sa miligiram 75 na sodiyam naitiret, miligiram 5 na sodiyam fosfet, miligiram 30 na sodiyam siliket, sai ɗan ƙarfe da aka ɗaure da wani sinadari mai suna EDTA don kada ya kwanta, da burbushin tagulla, zink, kobalt, manganis da molibdenam, sai bitamin uku: B1, B12 da biyotin. Manomi zai gane biyun farko, su ne dai N da P na buhun taki. Da ni zan haɗa wannan da kaina, sai na nemo sinadarai fiye da goma da ma'auni mai iya auna abin da bai kai ƙwayar gero ba. Kamfanin ya tattara su a kwalabe uku, kowacce mililita ɗaya a lita. Sun kuma yi hankali da suka zuba siliket a kwalbar roba, domin ruwansa mai kaifin kanwa ne, yana cin gilashi idan ya daɗe a ciki. Kwalbar bitamin na raba ta ƙanana-ƙanana na daskarar a firiza, har yau ina ciro ɗaya-ɗaya.

Gishirin ma ya yi. Giram 35 a lita ɗaya ta tataccen ruwa, ya narke ba saura. Wata abokiyar aiki ta tambaye ni ko ba za mu iya amfani da gishirin miya ba idan ya ƙare. Ba zai yiwu ba. Ruwan teku yana ɗauke da magniziyam, salfet, kalsiyam da fotasiyam da gishirin girki ba shi da su, kuma ruwan burtsatse ma bai dace ba saboda ba ka san abin da ya kwaso daga ƙasa ba.

Kuskuren farko na takardar ya bayyana tun ranar haɗi. Ta ce a zuba komai a ruwan, a sa a tukunyar tururi mai matsi a digiri 121 na minti 15. Na bi ta yadda ta ce. Da ya huce sai na ga farin gari ya kwanta a gindin kwalba, ruwan ya yi dishi-dishi. Zafi yana korar iskar kabon daga ruwan teku, ruwan ya ƙara kaifi, sai siliket da fosfet da ƙarfe su dunƙule su faɗi ƙasa inda dayatom ba za su amfana da su yadda ya kamata ba. Bitamin ma zafi yana rage masa ƙarfi. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa cikin kwana biyu, da ladabi, suka ce a dafa ruwan gishirin shi kaɗai, a bar shi ya kwana ya huce, sannan a ƙara abincin ta matata mai ramin maikron 0.2 (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Da na yi haka ruwan ya fito garau. Na yaba da amsar, amma wannan bayani a takardar ya kamata ya kasance, domin wanda bai san abin da ya gani ba zai ɗora laifin a kan irin.

Daga nan sai dashe. Yadda ake zuba ɗan tsohon nono a madara don ta kama ta zama kindirmo, haka ake ɗibar kashi ɗaya na tsohon ruwa mai dayatom a zuba a kashi tara na sabo. Na toshe bakin kwalaben da auduga, na jera su tazarar taƙi ɗaya daga farin ƙwan LED dogo, awa 12 haske, awa 12 duhu. Rana kai tsaye ba ta yi musu, tana ƙona su.

Kwana biyun farko ba ka ganin komai. A na uku ruwan ya ɗan yi kamar an tsoma ganyen shayi an cire nan take. Daga nan abin sai gudu, domin a wannan mataki kowace ƙwaya tana rabuwa biyu kusan sau ɗaya a yini. Zuwa kwana na bakwai kwalbar ta koma ruwan shayi mai kauri. Launin daga wani sinadari ne mai suna fukozantin, wanda ke rufe koren da ke ƙarƙashinsa, kuma yana taimaka musu kama shuɗin hasken da ke ratsa ruwan teku. Mun riƙa ƙirga su kowace safiya da gilashin ƙirgar ƙwayoyin jini irin na asibiti, bayan mun ɗiga musu ruwan aidin don su tsaya. Ɗalibai suka zana layin girma da hannunsu: kwanciya, hawa, tsayawa, gangara. Shekara da shekaru suna haddace wannan layi don jarrabawa, wannan ne karo na farko da lambobin suka fito daga idonsu.

Matakin tsayawa ya fi ba ni sha'awa. Abinci ya fara ƙarewa, sun yi yawa har suna yi wa juna inuwa, sun zuƙe iskar kabon da ke ruwan har ma'aunin kaifin ruwa, wato pH, ya tashi daga wajen 8 zuwa sama da 9. Idan naitiret ya ƙare, ba sa iya gina furotin, sai su juya abin da suke haɗawa ya zama mai. A madubi za ka ga ɗigo biyu ko uku masu sheƙi a cikin kowace ƙwayar Phaeodactylum, kamar man gyaɗa a saman miya. Wannan ne dalilin da ya sa masu neman man fetur daga gansakuka da masu neman mai irin na kifi suke bin wannan iri. Suna kuma nutsewa su kwanta a gindi, don haka sai an riƙa juya kwalbar a hankali safe da yamma. Idan aka bar su sati uku ko huɗu ba dashe, launin ya koma fari-fari, ƙwayoyin cuta su mamaye, kwalbar ta ɗauki ƙarni. Na tsayar da dashe duk sati biyu, ranar Litinin, kuma ban taɓa tsallakewa ba ko da hutu ake.

Gwajin da ya fi kowanne kyau da wannan akwati shi ne na hana siliket, kuma raba kwalaben abinci uku da kamfanin ya yi ne ya ba da damar yin sa. Muka haɗa ruwa kashi biyu, ɗaya da siliket, ɗaya babu, muka dasa iri biyun a kowanne. Chaetoceros da aka hana siliket ya yi 'yan kwanaki yana cin ragowar da ya zo da ita, sannan ya tsaya cak, domin ba zai iya rabuwa ba sai ya gina sabon ɓarin ƙoƙo. Phaeodactylum kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba da hayayyafa kamar ba a rage masa komai ba. Wata ɗaliba ta ɗago daga madubi ta ce, "Malama, to wannan anya dayatom ne kuwa?"

Tambayarta ta taɓo rauni na biyu na akwatin. Phaeodactylum dayatom ne, amma bare ne a cikin danginsa. Siririn nau'insa kusan ba shi da ƙoƙon gilashi. Yana iya sauya siffa zuwa uku: siriri, mai ƙafa uku kamar murhu, da mai siffar ƙwai. Mai siffar ƙwan ne kaɗai ke gina ɓari ɗaya na silika, kuma shi ne na riƙa gani manne a gindin tsofaffin kwalabe da kan farantin aga, wato daskararren abincin reno, yana fitar da yauƙi yana jan jiki a hankali. Masu bincike suna son sa ne don sauƙin reno, shi ya sa aka karanta dukan kundin gadonsa, wato DNA ɗinsa, aka wallafa a 2008, bayan na wani dayatom mai suna Thalassiosira pseudonana da ya fito a 2004. Irin da aka yi wannan aiki da shi an ɗebo shi ne daga gaɓar Blackpool a Ingila a 1956, tun lokacin yana kwalba, daga dashe zuwa dashe. Halittar da ta yi kusan shekara 70 tana cin abinci a kan kari, ba igiya, ba mai cin ta, ba yunwar ƙarfe irin ta tsakiyar teku, kamar tinkiyar turke ce idan aka kwatanta da ta daji. Ina gaya wa ɗalibai su yi hattara kafin su ce abin da suka gani a kwalba haka yake a teku.

Akwai kuma darasin da wannan akwati ba zai nuna ba, wato ƙanƙancewa. A yawancin dayatom, idan ƙwaya ta rabu, kowace 'ya tana ɗaukar ɓari ɗaya ta mai da shi murfi, ta gina sabon gindi a cikinsa. Wadda ta gaji tsohon murfi ta fito daidai da uwar, wadda ta gaji tsohon gindi ta fito ƙarama kaɗan. Haka zuriyar ke ta raguwa, abin da masana biyu, MacDonald da Pfitzer, suka bayyana tun 1869. A teku suna maido girmansu ta hanyar barbara, inda ake samun wata ƙwaya mai laushi da ke kumbura ta gina sabon ƙoƙo babba. A kwalba kuwa, irin dayatom kamar Pseudo-nitzschia, wanda aka reno daga ƙwaya ɗaya kuma yake buƙatar abokin barbara na ɗaya jinsin, kamar namiji da mace, sai ya yi ta ƙanƙancewa har ya mutu a hannun mai reno komai kulawarsa. Phaeodactylum ba ya bin wannan doka. Ga mai koyo wannan rahama ce, amma ga mai koyarwa giɓi ne. Don in cike shi na kankaro santsin duwatsu daga wani kududdufi a bayan makaranta, inda ɗalibai suka ga dayatom na ruwan daɗi masu ƙoƙo na gaske, masu zane-zane, suna tafiya a kan gilashi kamar ƙananan kwale-kwale. Da kamfanin zai ƙara iri na uku mai babban ƙoƙo zagayayye, da akwatin ya cika.

Babban laifin takardar kalma biyu ne: ta ce a ajiye su a "zafin ɗaki". Ɗakin wanda ya rubuta digiri 20 ne. Namu a watan Afrilu, idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, yana haura 38. Phaeodactylum ɗan ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi a wajen digiri 20, kuma da an doshi 30 sai ya fara mutuwa. A sati na biyu na Afrilu wuta ta ɗauke kwana uku a jere, batirin inbata ya ƙare a daren farko. Ranar da na shigo da safe na tarar manyan kwalabena biyu na Phaeodactylum sun koma kore-kore mai fari, sun dunƙule a gindi. Wannan koren alamar mutuwa ce, fukozantin ya lalace ya bar abin da ke ƙasa. Na zauna a kujera na daɗe ban ce komai ba, domin wata huɗu ina renon su. Chaetoceros a kan shiryayye ɗaya, a zafi ɗaya, ya ɗan rage gudu kawai. Shi ya sa masu ƙyanƙyasar jatanlande da kawa a ƙasashe masu zafi suke dogara da shi.

Abin da ya cece ni randa ce. Tun farkon bazara na tuna da dabarar tukunya cikin tukunya da marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a sama. Na sa an kawo mini biyu daga kasuwa, na ajiye su a baranda inda iska ke kaɗawa, na riƙa sa 'yan bututun ajiya guda huɗu a ciki duk lokacin da wuta ta yi wasa. Ma'aunin zafin da na jefa ciki bai wuce 26 ba ko da tsakar rana, saboda busasshiyar iskar bazara tana shan ruwan yashin ta tafi da zafin. Ciki duhu ne, amma na riga na ga abin da suka yi da duhun kwana tara. Maigadin sashenmu, dattijo ne, shi ya ɗauki nauyin jiƙa yashin da dare. Ranar farko ya leƙa ya ce, "'Yata, me kike ɓoyewa a nan haka?" Na ce, "Baba, wasu 'yan halittu ne na teku, zafi ke kashe su." Ya ce, "To ai sai a ba su haƙƙinsu tunda an raba su da gida." Bai taɓa mantawa ba ko dare ɗaya. Daga waɗannan bututu huɗu na sake tayar da irin gaba ɗaya cikin sati uku. Yanzu da damina ta sauka iska ta yi laima, randar ba ta sanyi kamar da, amma zafin garin ma ya sauka.

Sauran matsalolin nawa ne da na muhalli, ba na kaya ba. Sau ɗaya wata koriyar gansakuka ta shiga kwalbar Chaetoceros ta cinye wurin cikin kwana goma, na zubar na koma ga ajiya. Tun daga nan ba na buɗe kwalba sai kusa da harshen wuta, taga a rufe, hannu da tebur an goge da barasar asibiti, kuma ba na buɗe iri biyu a lokaci ɗaya.

Shin zan sake saye? Abincin da gishirin, ƙwarai kuwa, na riga na sa su a jerin buƙatun zango mai zuwa. Irin kuwa ba na buƙata, suna nan da rai. Wanda zai saya a ƙasarmu ya yi odar ta iso tsakanin Nuwamba da Janairu, kada ya yarda kwalin ya kwana a sito cikin Maris ko Afrilu. Ya tabbatar an haɗa masa da kwalbar siliket, domin akwai haɗin f/2 da ake sayarwa babu ita, don gansakukar da ba ta gina ƙoƙo. Idan ba shi da tabbacin wuta, ya fara da Chaetoceros muelleri shi kaɗai, ya bar Phaeodactylum sai ya tanadi wurin sanyi. Ya kuma tambayi kansa tun kafin ya biya ko akwai wanda zai zo ranar dashe a lokacin hutu da yajin aiki da Sallah. A wurinmu ni ce, kuma Litinin mai zuwa dashe na goma sha biyar ke nan.